Yadda ake ɗaura wuyan keke da jera zobbansa ba tare da kai ya yi wasa ba

Tun da kekunan 'yan Beljiyam suka cika gari, tambaya ɗaya ake ta kawo mini ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce kan kekensa yana ƙwas-ƙwas duk lokacin da ya kama birkin gaba, ya ɗaure notin sama, wato wanda ke saman wuyan keke, har ya ƙi juyawa, amma ƙarar tana nan. Wani bayansa ne ke ciwo, yana son ɗaga sitiyari, ya kwance notin sama yana ta ja kamar yadda ake yi wa Phoenix, abu ya ƙi tasowa. Wani kuma ya sayo sabon wuya, ya ɗaura, kai ya sandare ba ya juyawa sai da ƙarfi. Dukkansu wuri ɗaya suka kauce: notin sama ba shi ke riƙe da kan keke ba. Aikinsa kawai ya matse boris, wato ƙwallayen ƙarfen da kai ke juyawa a kansu, daidai, sannan notunan gefe su riƙe. In ka juya wannan tsari, komai ƙarfinka aikin ba zai yi ba.

Duba irin kekenka tukuna

Tsaya gaban keken ka dubi wuyan, wato guntun ƙarfen da ya haɗa sitiyari da fok, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. In siriri ne, ya nutse cikin firam, kuma akwai babban noti mai kusurwa a gindinsa, to tsohon yayi ne irin na Phoenix da Raleigh, bayaninsa yana can ƙarshe. In kuwa wuyan ya rungumi bututun fok ta waje, yana da notuna biyu a gefe ta ɓangaren mahayi, da ɗan murfi zagayayye a sama mai noti ɗaya a tsakiya, to shi muke magana a kai. Zobban da ka gani a jere ƙarƙashin wuyan, wani lokaci har da samansa, su ne ke ɗaga shi ko sauke shi.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Alanki, wato lanƙwasasshen makullin noti mai baki kusurwa shida, mai lamba 4 da 5 su ne ginshiƙi, wani lokaci da 6. Wasu kekunan suna zuwa da noti mai bakin tauraro, yawanci T25, kada ka cusa masa alanki. Sai ruwla mai milimita, giris, tsumma mai tsabta, da alƙalamin maka. Zobba ana samun su a kaurin milimita 2.5 ko 3, da 5, da 10, da 20. Sayi gauraye, musamman ƙananan, domin su ne ke rufe lissafi.

Kafin ka je kasuwa ka auna abu biyu. Bututun fok na yawancin kekunan yanzu milimita 28.6 ne a sama, wato inci ɗaya da kashi ɗaya cikin takwas. Tsofaffi kan zo da 25.4. Tsakiyar sitiyari kuma, inda wuya ke kama shi, yawanci 31.8 ne, tsofaffi 25.4 ko 26, wasu sababbin kekunan hawan dutse 35. Wuyan 31.8 ba zai riƙe sitiyarin 25.4 ba, kuma cusa gwangwanin lemo ko tsohon tif a tsakani ba gyara ba ne. Mafi sauƙi ka tafi da tsohon wuyan a aljihu.

Zobba da giris ba su da tsada, kuma zoben alminiyam yana yin aikin da na kabon ke yi, don haka ban ga dalilin biyan kuɗin na kabon ba. Alanki ne ba na son a yi masa rowa. Na arha bakinsa yana cinyewa, ya cinye kan notin tare da shi, daga nan aikin rabin awa ya koma yawon neman mai walda. Abu mai tsada guda ɗaya shi ne sifana mai auna ƙarfin ɗauri. In bututun fok ɗinka ƙarfe ne ko alminiyam za ka iya lallaɓawa ba ita. In kabon ne, ka saya ko ka ara, kuɗinta bai kai na sabon fok ba.

1. Ajiye keken a ƙasa, ka ɗauki awo

Tayar gaba ta zauna a ƙasa. Ka ɗauki hoton jerin zobban da waya, ka auna daga ƙasa zuwa tsakiyar sitiyari ka rubuta. In sabon tsayin bai yi maka ba, da wannan za ka koma inda ka fito.

Hattara: in ka rataye keken a sama ka cire wuya, fok zai zube ƙasa, 'ya'yan boris su watse cikin yashi. In dole sai an rataye, ɗaure fok da firam da igiya.

2. Kwance

In wuyan za ka canja gaba ɗaya ko za ka kifa shi, fara cire notuna huɗu na gaba da ke riƙe da sitiyari, ka saukar da sitiyarin a hankali ka ɗaure shi jikin firam, kada ka bar shi yana reto a kan wayoyin birki. In zobba kawai za ka sauya wa wuri, bar sitiyarin a jikin wuyan.

Sassauta notunan gefe biyu, ba sai ka cire su ba. Sannan ka kwance notin sama ka ɗauke murfin. Zare wuyan sama, ka zare zobban ɗaya bayan ɗaya, ka jera su a kan tsumma yadda suka fito.

3. Leƙa cikin bututun

A bututun ƙarfe ko alminiyam za ka ga wani ƙarfe mai fukafukai kamar tauraro an buga shi ciki, shi ne notin sama ke kamawa. Ya kamata ya zauna a miƙe, kimanin milimita 15 ƙasa da bakin bututun. In ya karkace ko ya taso har baki, ya gama aiki. Ba a fizgo shi sama, fukafukansa an yi su ne don su ƙi fitowa. Ana tura shi can ƙasa ne a buga sabo a samansa.

A bututun kabon kuwa toshi ne mai buɗewa, wanda ake ɗaurewa da alanki ya kumbura ya kama bango. Gwada shi, in yana motsi ka ɗaure shi gwargwadon lambar da ke jikinsa, domin in ya yi sako-sako duk ɗaurin da ka yi wa notin sama toshin ne zai riƙa tasowa.

Hattara: kada a buga tauraro a bututun kabon. Haƙoransa suna yanka zaren kabon daga ciki, inda ido ba ya gani. Keken gwanjo ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka, saboda haka ka duba da kanka. Ka kuma goge bututun ka zagaya shi da yatsa. In ka ji tsagewa, ko wani zurfin layi da ya zagaye shi daidai inda zoben boris ke zama, wannan fok ɗin ba na hawa ba ne.

4. Share boris tunda ka riga ka buɗe

Ƙurar hunturu tana shiga nan ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar yashi. Ɗaga murfin ƙura, ka cire zobe mai tsaga da ke ƙarƙashinsa, ka ciro boris na sama, ka ɗaga firam ka zare fok gaba ɗaya ka ciro na ƙasa. Goge, ka juya kowanne da yatsa. In yana gurza ko yana cijewa, canja shi. Girmansa yawanci a rubuce yake a gefensa, misali 41.8 ko 52, tare da kusurwa 36 ko 45, kuma dole sabon ya dace da duka biyun.

Shafa giris a mazauninsu ka mayar. Gefen boris mai gangare shi ke fuskantar cikin firam, na sama gangarensa na kallon ƙasa, na ƙasa na kallon sama. Zobe mai tsaga ya koma da siririn bakinsa a ƙasa, ya shige cikin boris. Wannan ɗan zoben mutane ke yawan mantawa a kan tsumma, kuma in babu shi kai ba zai taɓa daina wasa ba. In akwai wata siririyar washa tsakaninsa da murfin ƙura, ita ma ta koma, ita ke hana murfin gogar firam.

Sashen bututun da wuya zai kama kuwa a bar shi a bushe, ba giris.

5. Lissafin zobba

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Murfin sama yana danna wuya, wuya ya danna zobba, zobba su danna boris. Don haka dole abin da ka jera, wuya da zobba a haɗe, ya fi bututun tsawo da kamar milimita 3. In bututun ya zo daidai da baki ko ya leƙo, murfin zai zauna a kan bututun ne, ba a kan wuya ba. Za ka ɗaure har noti ya ƙi motsi, ka ji kamar ka gama, alhali boris ko taɓa shi ba a yi ba. Wannan ita ce amsar mai ƙwas-ƙwas ɗin nan.

Ga misali. Ka danna fok ya zauna sosai, ka auna daga saman murfin ƙura zuwa bakin bututu, ka samu milimita 72. Tsayin wuyan a inda yake kama bututu 40 ne. Ƙara 3 a kan 72, ya zama 75, cire 40, saura 35. To zobban milimita 35 kake bukata, ko ta yaya ka raba su. Kana iya sa 30 a ƙasa da 5 a sama, ko 20 a ƙasa da 15 a sama in kana son kai ya sauka. Jimillar ba ta canjawa. Duk zoben da ka cire daga ƙasa, saman wuya zai koma, ba aljihunka ba.

In sabon wuya ka sayo, sake lissafin daga farko, domin tsayinsu ba ɗaya ba ne. Wuyan da ya gaza tsohon da milimita 4 ya cinye tazarar nan gaba ɗaya, kuma ido ba zai lura ba sai an auna.

Tazarar kuma kada ta yi yawa. In bututun ya nutse har notin gefe na sama ya koma yana matse iska, wuyan noti ɗaya ke riƙe da shi. Leƙa ta tsagar wuyan: bakin bututun ya kasance sama da notin sama na gefe. Ni na fi son bututun ya ratsa wuyan gaba ɗaya, a ɗora zoben milimita 5 a sama, tazarar ta kasance a cikin zoben. A kabon ma kamfanoni da dama haka suke shar'antawa, domin kada wuya ya murƙushe bakin bututu. Wasu suna ganin zobe a sama muni ne. Bai dame ni ba.

Hattara: akwai iyaka ga abin da ake tarawa ƙarƙashin wuya. A fok ɗin kabon yawancin kamfanoni suna tsayawa tsakanin milimita 30 zuwa 40. In ka kai nan kuma har yanzu kai ya yi maka ƙasa, kifa wuyan. Yawancinsu suna da kusurwa, digiri 6 ko 7, wasu 17, kuma an yi su ne a iya ɗaura su ta fuska biyu. Wuya mai tsawon milimita 100 da digiri 6, in ka kifa shi ya kalli sama, zai ɗaga sitiyari da kusan milimita 20 ba tare da ka sayi komai ba. Ka kuma sani, tunda bututun a kishingiɗe yake, duk milimita 10 da ka ɗaga, sitiyarin yana matsowa gare ka da kamar 3.

Zoben da aka yanko daga bututun ruwa na roba da zarto kuwa, bakinsa ba ya taɓa yin daidai, gefe ɗaya yake danna boris, kuma roba tana lotsawa. Bayan kwana biyu wasan zai dawo.

6. Ɗaure notin sama, notunan gefe suna kwance

Mayar da wuya, da zoben sama in akwai, da murfi. Ɗan shafa giris a zaren notin. Tabbatar notunan gefe a sake suke, wuyan yana iya juyawa a kan bututu da hannu. Juya notin sama da yatsu biyu har ka ji ya fara cijewa, ka tsaya.

Yanzu gwaji. Kama birkin gaba, ka ɗora yatsun ɗaya hannun a mahaɗar murfin ƙura da firam, ka tura keken gaba da baya. In ka ji motsi a ƙarƙashin yatsunka, ƙara ɗaurin da kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka sake gwadawa. Haka za ka yi ta yi, kaɗan-kaɗan, har motsin ya ɓace. Daga nan ɗaga gaban keken ka ɗan karkata shi. Sitiyarin ya faɗi gefe da kansa, sumul. In ya tsaya a tsakiya, ko yana tafiya yana cijewa, ka wuce gona da iri, sassauta kaɗan.

Birki mai faifai yana ruɗin mutane a nan, domin takalmin birkin kansa yana ɗan motsi a gidansa, haka ma fok mai shokoba. Juya tayar gaba ta kalli gefe gaba ɗaya sannan ka girgiza, kuma ka yarda da abin da yatsunka suka ji a mahaɗar, ba abin da kunnenka ya ji ba.

Hattara: in kana ta juya notin ba ya ƙara tauri, tauraro ko toshi ne ke tasowa. In ya yi tauri tamau amma wasa na nan, tazara ce babu, ƙara zoben milimita 2.5 ko 3. A duka biyun ƙarin ƙarfi ɓarna zai yi, garin neman gira a rasa ido.

7. Saita wuya da taya, ka ɗaure gefe

Haɗa keken tsakanin ƙafafunka, ka dubo daga sama da ido ɗaya, ka daidaita tsakiyar wuya da tsakiyar taya. In wuyan gajere ne yana wuyar gani, ɗora sanda miƙaƙƙiya a gaban ƙafafun fok ka daidaita sitiyarin da ita.

Ɗaure notunan gefe biyu bi da bi: rabin zagaye a na sama, rabin zagaye a na ƙasa, ka koma. In ka gama da ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, na farkon zai saki da zarar na biyun ya kama. Ƙarfin ɗaurin a rubuce yake a jikin wuya, yawanci 5 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) ko kusa da haka, kuma bai kai yadda mutane ke zato ba. In ba ka da sifana mai awo kuma bututun ba kabon ba ne, sa dogon bakin alanki a notin ka murɗa da gajeren, hakan zai hana ka wuce iyaka. Kada a ƙara wa alanki bututu, kuma in dogon bakin mai dunƙule ne, kada a yi ɗaurin ƙarshe da shi.

Daga nan ka bar notin sama yadda yake, ya gama nasa.

8. Mayar da sitiyari

Akwai zane a tsakiyar sitiyari, daidaita shi da bakin wuya. Sa notuna huɗun da hannu tukuna, ka juya sitiyarin zuwa kusurwar da hannunka ke kaiwa birki ba tare da ka lanƙwasa wuyan hannu ba. Ɗaure a gicciye: sama hagu, ƙasa dama, sama dama, ƙasa hagu, kaɗan-kaɗan, kana duba cewa tsagar sama da ta ƙasa girmansu ɗaya. Wasu wuyoyin an yi su ne a rufe tsagar sama ruf kafin a ɗaure ƙasa, kuma irin waɗannan suna da rubutu ko alama a wurin.

Juya kai har ƙarshe hagu da dama. In ka ɗaga sitiyari, wayar birki ko ta giya tana iya yin gajarta, ta riƙa ja ko ta kama birki da kanta a kwana. In haka ne sai an sa doguwa.

9. Gwaji kafin titi

Tsaya a gaba, ka matse taya tsakanin gwiwoyinka, ka murɗa sitiyarin da matsakaicin ƙarfi. Bai kamata ya goce ba. Danna shi ƙasa da nauyinka, kada ya juya. Sake gwajin birki, ka ɗaga gaban keken kamar taƙi ɗaya ka sake shi ya dira, ka saurara. Zagaya cikin layi a hankali kafin ka hau babban titi. Bayan hawa biyu ko uku a hanya mai gargada ka sake dubawa, domin boris da aka taɓa yakan ƙara zama. In wasa ya dawo, sassauta gefe tukuna, sannan sama, sannan ka mayar da gefe.

Yanke bututun da ya yi tsawo

Kada ka yi gaggawa. Hau keken makonni da zobba a sama har ka tabbata tsayin ya yi maka, domin abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma gajeren bututu yana rage wa keke daraja ranar sayarwa. In ka yanke shawara, jera komai yadda zai zauna, har da zoben milimita 5 na sama, ka zana layi a bakin jerin, ka cire fok, ka yanke milimita 3 ƙasa da layin. Tura tauraro ƙasa, ko ka cire toshi, kafin zarto ya taɓa. Tsohon wuya da ba ka so yana iya zama jagorar zarto don yankan ya miƙe. Alminiyam da ƙarfe ruwan zarto mai haƙora 24 a inci ya isa, sai a goge baki da magagari. Kabon yana son mai haƙora 32, a naɗe wurin da salatif, a jiƙa shi, a rufe hanci, kuma ba a sa masa abin yankan bututu mai zagayawa, murƙushe shi yake yi.

In naka tsohon yayi ne

Wannan ba ya bukatar zobba. Kwance dogon notin da ke saman wuya zagaye uku ko huɗu, kada ka cire shi, ka ɗora katako a kansa ka buga da guduma sau ɗaya. Ƙarfen da ke cije da shi a ciki zai saki. Zaro wuyan, ka shafa masa giris domin ruwan damina yana sa shi ya manne da tsatsa, ka mayar a tsayin da kake so, ka saita da taya, ka ɗaure. A jikinsa akwai layi da rubutun MIN INSERT ko MAX, kuma dole layin ya ɓuya cikin firam. In kekenka mai birkin sanda ne, sassauta notin sandunan birki kafin ka ɗaga kai, ka sake saita su bayan ka ɗaure, in ba haka ba birkin zai kame taya. Wasan kai a irin wannan keken kuma ba daga wuya ake gyara shi ba, daga manyan notuna biyu na gindinsa ne: a saita na ƙasa har wasa ya ɓace, a riƙe shi da sifana ɗaya, a ɗaure na sama a kansa da ta biyu.